Takunkumi da Yaƙin Kwamfuta: Darasi Daga Tattalin Arzikin Ƙasar Iran

Gabatarwa

A da can, idan aka ce ana yaƙi da wata ƙasa, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne sojoji da igwa da jiragen sama. A wannan zamani kuwa an sami ƙarin makamai biyu waɗanda ba a jin ƙararsu. Na farko shi ne takunkumi, wato wata ƙasa ko gungun ƙasashe su hana wata ƙasa ciniki da mu'amalar kuɗi da sauran duniya, don su tilasta mata canza wata manufa. Na biyu shi ne yaƙin kwamfuta, wato a kutsa cikin na'urori masu ƙwaƙwalwa na abokin gaba don a saci bayanai, ko a goge su, ko a lalata injunan da waɗannan na'urori ke sarrafawa.

Da wuya a sami ƙasar da ta ɗanɗani waɗannan makamai biyu a tare, na tsawon lokaci, kamar Iran. Ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 90, mai ɗimbin arzikin man fetur, kuma ita ce ta biyu a duniya wajen yawan iskar gas a ƙarƙashin ƙasa, bayan Rasha. Wannan maƙala za ta duba abin da ya faru da ita daga 1979 zuwa 2025. Ba nufinmu ba ne mu yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya a rikicin siyasar. Tambayarmu ita ce: ta wace hanya waɗannan makamai suke taɓa ci gaban ƙasa, musamman ci gaban da ake so ya ɗore?

Mene ne Ci Gaba Mai Ɗorewa?

Wannan kalma ta shahara ne daga shekarar 1987, lokacin da wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarƙashin shugabancin Gro Harlem Brundtland, Firaministar Norway ta wancan lokaci, ya fitar da rahotonsa. Abin da ake nufi shi ne mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun toshe wa 'ya'yansu da jikokinsu hanyar biyan nasu ba. Ana auna shi ta fuska uku: arziki, da jin daɗin jama'a, da lafiyar muhalli.

Kowane manomi ya san wannan ilimi tun kafin a rubuta shi. Idan an yi girbi akan ware na ci, a ware iri. Manomin da yunwa ta matsa wa har ya dafa irinsa ya ƙoshi a daren nan, amma idan damina ta faɗi ba shi da abin shukawa. Irin ƙasa kuwa ya ƙunshi abubuwa da yawa: injunan da ake gyarawa a kan kari, jarin da ake zubawa, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, masanan da aka horar, da amincewar jama'a ga kuɗin ƙasarsu da bankunanta. Mai karatu ya riƙe wannan misali, domin za mu ga cewa babbar ɓarnar takunkumi da yaƙin kwamfuta ita ce tilasta wa ƙasa cin irinta.

Yadda Takunkumi Ke Aiki

Mutanen Nijar da na arewacin Nijeriya ba baƙin wannan abu ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka a Jibiya da Illela da Maigatari, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da ke biyan wajen kashi 70 cikin ɗari na bukatar Nijar, kayan masarufi suka yi tsada a ɓangarorin biyu. An janye wannan takunkumi a Fabrairu 2024, bayan wata bakwai. Na Iran kuwa ya shafe shekara fiye da arba'in, yana tsananta yana sassautawa.

Ya fara ne a Nuwamba 1979, bayan ɗalibai sun mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran, inda Shugaba Jimmy Carter ya riƙe kadarorin Iran na wajen dala biliyan 12. A 1995 Amurka ta haramta kusan duk wani ciniki da ƙasar. Daga 2006 zuwa 2010 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da jerin ƙudurori a kan shirinta na nukiliya. A 2012 Tarayyar Turai ta daina sayen manta, aka kuma cire bankunanta daga SWIFT, wato hanyar sadarwa mai hedikwata a Beljiyam wadda bankunan duniya ke aika wa juna umarnin biyan kuɗi ta cikinta.

To, amma me ya sa dokar Amurka za ta hana kamfanin Faransa ko na Japan ciniki da Iran? Amsar tana cikin dala. Yawancin cinikin duniya da dala ake yin sa, kuma kusan duk wata babbar biyan dala sai ta ratsa ta wani banki a Amurka. Don haka Amurka takan ba kamfanonin waje zaɓi: ko kasuwar Iran, ko tata. A 2014 an ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 saboda karya takunkumin da aka sa wa Sudan da Kuba da Iran. Daga nan sauran bankuna suka shiga taitayinsu, har ya zama suna gudun cinikin da doka ma ta halatta, don kada tsautsayi ya rutsa da su.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

A 2011 Iran na sayar da ɗanyen mai wajen ganga miliyan biyu da rabi a kowace rana. Zuwa 2013 abin ya sauko zuwa ganga miliyan ɗaya da 'yan kai, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari. A Yuli 2015 aka ƙulla yarjejeniyar nukiliya a Biyana tsakaninta da manyan ƙasashe shida, ta amince ta taƙaita tace yuraniyom, su kuma su sassauta takunkumi. Mai ya koma kasuwa, hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10. Sai dai a Mayu 2018 Shugaba Donald Trump ya fitar da Amurka daga yarjejeniyar, takunkumi ya dawo da ƙarfinsa. A 2023 da 2024 Iran ta sake ɗaga yawan man da take fitarwa, amma kusan duka ƙasar Sin ke saye, a kan rangwame, ta hannun dillalai da jiragen ruwa masu ɓoye sawunsu. A Satumba 2025, bisa buƙatar Birtaniya da Faransa da Jamus, takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya dawo.

Darajar kuɗi ita ce madubin wannan tarihi. A 2015 ana canza dala ɗaya a kan riyal 30,000 da 'yan kai a kasuwa. A 2025 dala ɗaya ta haura riyal miliyan ɗaya. Ma'aikacin da ya tara kuɗin fanshonsa a banki cikin waɗannan shekaru goma ya wayi gari ajiyarsa ta narke kamar gishiri a ruwa. Wannan ya sa masu ɗan hali suka koma sayen zinariya da dala da filaye, kuɗin da ya kamata su shiga masana'antu suka kwanta.

Wasu masana tattalin arziki biyu na Jamus, Neuenkirch da Neumeier, sun wallafa bincike a 2015 inda suka gano cewa takunkumin Majalisar Ɗinkin Duniya yakan rage saurin bunƙasar arzikin kowane mutum da fiye da ɗigo biyu cikin ɗari a shekara, kuma tasirin yakan kai shekara goma. Kada mai karatu ya raina ɗigo biyu. Arzikin da ke ƙaruwa da kashi 5 cikin ɗari a shekara yakan ninka cikin shekara 14. Idan ya koma kashi 3, sai ya ɗauki shekara 23 da wani abu. Bambancin kusan shekara goma ne na rayuwar al'umma.

Inda Ɓarnar Take Ɓuya

Alƙaluman mai da na canji suna fitowa a jarida. Ɓarnar da ta fi daɗewa kuwa sai an tona ake ganin ta.

Mu fara da iskar gas. Iran da Katar suna tarayya a kan filin gas mafi girma a duniya, a ƙarƙashin tekun da ke tsakaninsu. Katar ta gayyato kamfanonin waje da fasahar daskarar da gas, ta shiga sahun gaba na masu sayar da shi a duniya. Iran kuwa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Total na Faransa a 2017, amma a 2018 ya janye saboda tsoron takunkumi. Rashin jari da na'urori ya sa ƙasar ta daɗe cikin ƙasashe ukun da suka fi ƙona gas a banza a bakin rijiyoyin mai, kamar yadda ƙididdigar Bankin Duniya ta nuna. A Disamba 2024, ƙasar da ke zaune a kan wannan ɗimbin arziki sai da ta rufe makarantu da ofisoshi a larduna da dama saboda ƙarancin gas da lantarki. Idan gas ya yi ƙaranci lokacin sanyi, tashoshin lantarki sukan koma ƙona baƙin mai da ake kira mazut, mai yawan sinadarin farar wuta, hayaƙinsa kuma ya lulluɓe birane.

Haka nan a 2010, da aka matsa wa masu sayar mata da tataccen fetur, Iran ta juya wasu masana'antun sinadarai suka riƙa samar da fetur na gaggawa. Motoci sun ci gaba da tafiya, amma daga baya hukumomin ƙasar da kansu suka danganta wannan fetur da gurɓatar iskar Tehran. Hanyar fita daga wannan hali ma ta toshe: a 2018 wani kamfanin Birtaniya ya fasa gina tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai ƙarfin megawat 600.

A fannin sufuri, an ƙulla cinikin jirage 100 da Airbus da 80 da Boeing a 2016. Uku kacal na Airbus suka iso kafin a soke lasisin, na Boeing ko ɗaya bai zo ba. Sai aka ci gaba da lallaɓa tsofaffin jirage, ana cire kayan wani a gyara wani. A fannin lafiya kuma, doka ta ce takunkumi bai shafi magani ba, amma idan banki ya ƙi aika kuɗin, magani ba zai zo ba. Masu ciwon daji da masu cututtukan da ba a cika samu ba su ne suka fi jin jiki, domin magungunansu daga waje ake kawowa.

Sai kuma ruwa. Ƙasar da ke tsoron a hana ta abinci takan dage sai ta noma duk abin da za ta ci, ko da ƙasarta busasshiya ce. Noma na shan wajen kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ake amfani da shi a Iran. An gina madatsun ruwa masu yawa, an haƙa rijiyoyi ba adadi. Tafkin Urmiya, wanda a da yake cikin manyan tafkunan gishiri na duniya, ya ƙafe saura kaɗan. Kogin Zayande da ke ratsa Isfahan yakan shafe watanni babu ruwa. A Nuwamba 2025 Shugaba Masoud Pezeshkian ya yi gargaɗin cewa idan ba a yi ruwan sama ba, za a iya kaiwa ga kwashe mutane daga Tehran. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya taru. Wannan shi ne cin iri a zahiri.

Stuxnet: Ƙwayar Cutar da ta Farfasa Ƙarfe

Yanzu mu juya ga makami na biyu. A Yuni 2010 wani ƙaramin kamfanin tsaron kwamfuta a Belarus ya gano wata muguwar manhaja wadda daga baya aka sa wa suna Stuxnet. Kafin mu fahimci aikinta sai mun san yadda ake tace yuraniyom.

Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, yana da nau'i biyu a cakuɗe. Mai amfanin, wato na 235, bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba. Tashar lantarki na buƙatar a ɗaga shi zuwa kashi 3 zuwa 5, makami kuwa wajen kashi 90. Don a raba su, akan mai da yuraniyom iska a zuba cikin wani dogon bututu mai juyawa kamar mazari. Nau'in da ya fi nauyi sai ya koma gefe, marar nauyin ya taru wajen tsakiya. Mazaran da ke Natanz an ƙera su ne su juya sau 1,064 a cikin sakan ɗaya. A irin wannan gudu, ɗan kuskure kaɗan ya isa ya tarwatsa bututun.

Kwamfutocin Natanz ba a haɗe suke da intanet ba, don haka ƙwayar ta bi ta ɗan ma'ajin bayanan nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, wato filash. Masu bincike sun gano cewa wasu kamfanoni biyar na cikin Iran aka fara harba wa. Ta yi amfani da kafofi huɗu a manhajar Windows waɗanda ba a riga an toshe su ba. Idan ta shiga kwamfuta sai ta duba ko akwai na'urar Siemens mai ba injuna umarni, a irin tsarin da take nema. In babu, sai ta yi lamo. In akwai, sai ta ƙara gudun mazaran zuwa 1,410 na ɗan lokaci, ta mai da su daidai, bayan kwana 27 kuma ta rage gudun zuwa 2. Tana kuma ɓoye aikinta, har wani nau'inta yakan naɗi bayanan lokacin da komai ke lafiya ya riƙa nuna wa injiniyoyi a allo. An ƙiyasta cewa mazari wajen 1,000 cikin kusan 9,000 suka lalace. A 2012 jaridar New York Times ta ruwaito cewa Amurka da Isra'ila ne suka shirya harin, ko da yake gwamnatocin biyu ba su amsa a hukumance ba.

Muhimmancin Stuxnet shi ne ta tabbatar cewa rubutun kwamfuta zai iya farfasa ƙarfe. Irin na'urar da ta kai wa hari kuwa ita ce ke sarrafa famfunan ruwa da tashoshin lantarki da matatun mai a ko'ina a duniya.

Daga Natanz Zuwa Gidan Mai

Bayan haka hare-haren suka sauko kan abin da talaka ke taɓawa kullum. A Yuli 2021 aka rikita tsarin jiragen ƙasa. A Oktoba 2021 aka durƙusar da tsarin katin sayen fetur mai rangwame, gidajen mai wajen 4,300 suka tsaya, aka yi dogayen layuka. A Yuni 2022 aka kai hari kan masana'antun ƙarfe uku, maharan suka yaɗa hoton narkakken ƙarfe yana kwarara yana ta da gobara. A Disamba 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari na gidajen mai suka sake tsayawa. A Yuni 2025, ana tsakiyar yaƙin kwana 12 da Isra'ila, aka kutsa Bankin Sepah, katunan mutane suka daina aiki, kashegari kuma aka kwashe kuɗin intanet na wajen dala miliyan 90 daga kasuwar Nobitex, aka tura su inda babu mai iya ciro su. Wata ƙungiya mai kiran kanta Gonjeshke Darande, wadda ake dangantawa da Isra'ila, ita ta ɗauki alhakin yawancin waɗannan.

Iran ma ba ta zauna ba. A Agusta 2012 ƙwayar Shamoon ta goge kwamfuta wajen 30,000 na kamfanin mai na Saudiyya, jami'an Amurka suka ɗora wa Iran alhaki. A 2016 Amurka ta tuhumi Iraniyawa bakwai da kai hari kan cibiyoyin kuɗi 46. A 2022 Albaniya ta yanke hulɗar jakadanci da Iran saboda harin kwamfuta. Kowane ramuwa kuwa takan jawo sabon takunkumi.

Yadda Makaman Biyu Ke Taimakon Juna

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Takunkumi shi ke tsaga bangon ta hanyoyi da dama. Na farko, kowace manhaja na buƙatar faci lokaci-lokaci daga kamfanin da ya yi ta. Ƙasar da aka hana ciniki takan dogara da manhajar sata da tsofaffin na'urori, kafofinsu kuma su zauna a buɗe. Na biyu, kayan da aka sayo ta hannun dillalan ɓoye babu mai tabbatar da abin da aka cusa a cikinsu. Na uku, duk hanyar da jama'a suka ƙirƙiro don kauce wa takunkumi, kamar kuɗin intanet, takan zama sabon abin hari. Na huɗu, abin da harin ya lalata, takunkumi kan sa maye gurbinsa ya yi tsada ya kuma ɗau lokaci.

Akwai kuma ɓarnar da maganin kansa ke yi. Don kare kai da kuma sa ido a kan jama'a, gwamnati ta gina intanet na cikin gida, ta kuma yanke na waje kusan gaba ɗaya a Nuwamba 2019 da Yuni 2025. Duk lokacin da aka yi haka, mai sayar da kaya ta waya da ɗalibin da ke bincike su ke asara. Matasan injiniyoyi da likitoci da dama, waɗanda jami'o'in ƙasar suka kashe dukiya wajen horar da su, sun yi ƙaura zuwa Turai da Kanada da ƙasashen Larabawa. Wannan ma iri ne, kuma ya fi kowanne wuyar mayarwa.

Ya kamata a faɗi cewa ba kome ne laifin waje ba. Tallafin da ya sa fetur ya yi arha ƙwarai ya haifar da almubazzaranci da fasa-ƙwauri. Rashin tsari wajen gina madatsun ruwa da kuma fari suna da babban kaso a matsalar ruwa. Cinikin ɓoye kuma ya azurta waɗanda ke kusa da mulki da kamfanonin dakarun juyin juya hali, ƙananan 'yan kasuwa suka durƙushe. Gaskiya ne matsin ya sa ƙasar ta koyi ƙera abubuwa da yawa da kanta, har da yawancin magungunan yau da kullum. Amma takunkumi yakan zama mafaka ga rashin iya mulki, domin kowace gazawa akwai wanda za a nuna wa yatsa.

Kammalawa

Wani sanannen bincike na Hufbauer da Schott da Elliott ya nuna cewa wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai na takunkuman da suka nazarta suka cim ma wani ɓangare na manufarsu. A Iran, yarjejeniyar 2015 ta tsai da tacewa a kashi 3.67 cikin ɗari, amma a 2021, ana tsakiyar matsi mafi tsanani, ta kai kashi 60. Duniya ta ɗan fara gyara: a 2015 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun amince cewa bai kamata ƙasa ta kai harin kwamfuta kan abubuwan more rayuwar jama'a ba, a 2022 kuma Kwamitin Sulhu ya keɓe ayyukan jinƙai daga takunkumansa na riƙe kadara. Sai dai ƙa'idar farko ba ta da hukunci ga wanda ya karya ta.

Ga ƙasashe masu tasowa, darasin a fili yake. Ƙasar da ta dogara da haja ɗaya da hanyar biyan kuɗi ɗaya tana da maƙogwaro ɗaya da za a iya shaƙewa. Duk sa'ad da aka ɗora banki ko lantarki ko ruwan sha a kan kwamfuta, wajibi ne a ware kuɗin tsaro da na gyara, a kuma tanadi yadda za a yi aiki da hannu ranar da na'ura ta tsaya. Sama da duka, sai jami'o'i sun horar da waɗanda suka san cikin waɗannan na'urori, ƙasa kuma ta ba su dalilin zama a gida. Ɗalibin lissafi ko injiniya da ke karanta wannan mujalla ya sani cewa aikin nan nasa ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.